Haɗa ruwa da itanol ba raba tsaka ba ne

Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandaren ƙauye a yankin Ringim. Idan muka ɗiga ruwan zoɓo a kwalbar gwaji, ɗalibai kan tambaya: Malam, da wane irin sauri launin yake bazuwa? Akasarin abin da ido ke gani motsin ruwan ne kawai. Bazuwar ƙwayoyin launin su kansu tana da nawa ƙwarai, don ƙaramar ƙwaya a ruwan da ke kwance takan ɗauki wajen awa 14 kafin ta ci santimita ɗaya.

Lissafin da Einstein ya fitar a 1905 ya ɗora saurin a kan abu uku: zafi, girman ƙwayar, da kaurin ruwan da take ciki. Kauri ya ninka, bazuwa ta ragu da rabi.

Wajen garwaya ruwa da itanol, wato sinadarin da ke cikin barasa, na fi ƙaruwa. A zafin digiri 20, in aka ɗauki kaurin ruwa a matsayin 1, na itanol wajen 1.2 ne. Hankali zai ce haɗinsu ya tsaya a tsakani. Ina! Da itanol ya kai kusan kashi 40 cikin 100, kaurin ya hau zuwa wajen 2.9, ya fi na kowannensu nesa ba kusa ba. Ƙwayoyin ruwa da na itanol riƙe juna suke yi, su matse, sai baƙuwar ƙwaya ta sha wuyar kutsawa. Ko a kwalbar awo ana ganin alamar: mililita 50 na ruwa da 50 na itanol wajen 96 suke bayarwa.

Fomular Wilke da Chang ta 1955, wadda injiniyoyi ke yawan amfani da ita wajen kiyasin saurin bazuwa, ta ba ruwa lamba 2.6, itanol 1.5, saboda irin wannan riƙo. A garwaye mutane kan ɗauki matsakaicin lambobin biyu, kuma kiyasin ba ya yin nisa da gaskiya muddin kaurin da aka saka na garwayen ne da aka auna. Mu da ba mu da na'urar auna kauri, sirinji da agogon waya muke amfani da su, mu kwatanta daƙiƙun zubar garwayen da na ruwa zalla.

Sai kuma zafi. Alƙaluman da ke cikin littattafai na digiri 20 ne ko 25, alhali a watan Afrilu ajinmu kan doshi 40, inda kaurin ruwa ke sauka zuwa 0.65. Shi ya sa ba na karɓar sakamakon ɗalibin da bai rubuta zafin ɗakin a gefen takarda ba.