Mesa a gidan haya na Ingila: ɗumama akwatinta da allon ɗumi

Mutumin Zariya ya san sanyi, amma wanda ya sani baƙo ne mai kwana kaɗan. Hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, a kwana da kaskon garwashi, da hantsi kowa ya fito ƙofar gida shan rana, kafin azahar an tuɓe rigar sanyi. Katangar ƙasa irin ta cikin birni kuma tana shan zafin yini ta riƙe shi har dare. A arewacin Ingila sanyi ɗan gida ne. Daga Oktoba zuwa Afrilu yana zaune tare da kai, a tsakiyar Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma gidajen hayar da yawancinmu ke fara samu a garuruwa irin su Manchesta tsofaffin gidajen jan bulo ne a jere, bangonsu ba ya riƙe ɗumi. Tukunyar gas ce ke tura ruwan zafi cikin ƙarafan da ke jikin bango, sannan saboda tsadar gas kusan kowa yana saita ta ne ta kama da safe da yamma kawai. Da ƙarfe huɗu na asuba ɗakin da aka kwanta yana digiri 20 zai iya komawa 14.

A cikin irin wannan gida ne wasu daga cikinmu suka tsinci kansu da kiwon maciji. A Tudun Wada ko Samaru wannan zance abin dariya ne, domin can in an ga maciji sanda ake nema, riƙe shi kuwa sana'ar gardawa ce. Amma a nan masu gidajen haya da yawa ba sa yarda da kyanwa, kare kuma ba namu ba ne a cikin ɗaki, sai yaro ya gani a gidan abokinsa ya dawo ya matsa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kiwo ita ce ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. Ba ta da dafi, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, tana kuma iya kai shekara 20 zuwa 30. Abin mamaki, 'yar yankinmu ce: asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Najeriya, kuma Gana da Togo da Jamhuriyar Binin ne suka fi fitar da ita waje. Kada wannan ya sa wani ya yi tunanin sako ta a jaka daga gida. Tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa wa takunkumin fatauci, sai da takardu, ga shi kuma waɗanda aka ƙyanƙyashe a nan sun fi lafiya. Ba ta buƙatar lasisin dabbobi masu haɗari na dokar 1976, amma dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai ita alhakin ba ta muhallin da ya dace. A duba takardar haya tukuna, a kuma nemi izinin mai gida a rubuce.

Duk wanda ya taɓa renon 'yan tsakin Shika Brown da ƙwan fitila ya riga ya san rabin aikin: ana ba da zafi a gefe guda, a bar wa dabba inda za ta gudu in ya yi mata yawa. Bambancin shi ne ɗan tsako yana yin gashi ya fara ɗumama kansa, maciji kuwa har ya mutu jikinsa ba ya samar da zafi. A daji wannan mesa ramin ɓera da suri take shiga, inda ɗumi da laima ba sa sauyawa sosai dare da rana. Abin da ake nema a akwati ke nan: gefen ɗumi digiri 30 zuwa 32, gefen sanyi 24 zuwa 26, da dare kada ko'ina ya sauka ƙasa da 23, laimar iska kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari.

Kafin a sayi komai, a fara auna ɗakin. A sami ma'aunin zafi mai ajiye lamba mafi ƙasa da mafi sama, a ajiye shi daidai inda akwatin zai zauna har kwana bakwai a lokacin sanyi. Lambar asuba ita ce abin lissafi, ba ta yamma ba lokacin da tukunyar gas ke aiki. A nan yawancin sababbin zuwa ke faɗuwa: su saita komai da rana ya yi daidai, su kwanta, maciji ya kwana a digiri 19 har wata biyu ba wanda ya sani.

Allon ɗumi faffaɗan allo ne siriri, kauri bai wuce yatsa biyu ba, da wayar zafi a cikinsa. Ana ɗaure shi a rufin akwati ta ciki, yana sako ɗumi ƙasa kamar yadda bangon da ya sha rana ke yi wa wanda ya zauna kusa da shi bayan magariba. Ba ya ba da haske, don haka yana iya kwana a kunne. Na fi son sa a kan sauran biyun da ake sayarwa. Tabarmar ɗumi da ake shimfiɗawa a ƙasa tana ɗumama inda ta taɓa ne kawai, iska na nan da sanyinta, sai maciji ya lafe a kai yana shaƙar iska mai sanyi, wani lokaci har cikinsa ya ƙone. Ƙwan tangaran kuma, wato ƙwan fitila mai ba da zafi ba haske, zafinsa yana wuce digiri 200, dole a yi masa keji, yana kuma busar da akwati kamar iskar hunturu. Fuskar allon ba ta kai ko kusa da haka, duk da cewa hannu ba zai daɗe a kanta ba.

Girman da ya dace wa babbar mesa shi ne akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Na robar PVC mai kauri ko na katako ya fi riƙe ɗumi. Na gilashi mai murfin raga kuwa, a gida mai sanyi, zuba ruwa ne a kwando. Duk ɗumin ta sama yake ficewa. A akwatin PVC, in ɗakin ba ya sauka ƙasa da digiri 20, allo mai wat 80 yakan isa. In yana kai 15 ko 16, ko dai a koma mai wat 120, ko a lulluɓe akwatin, kuma lulluɓewa ce ta fara cancanta. A sayi allon soso mai fuskar azurfa irin na magina, mai kaurin milimita 25, a yanka a liƙa a baya da gefuna biyu da sama da ƙasa, duka ta waje. A ɗaga akwatin daga daɓe, a janye shi daga bangon da ke kallon waje da kuma taga, a jingina shi da bangon tsakiyar gida. Wanda ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye ga babban allo zai sami zafi a ƙarƙashin allon, ɗaya gefen kuma yana nan a 20.

Akwai wata ɗabi'a tamu ta hunturu da ya kamata a bari a Zariya, wato toshe kowace kafa da tsumma. Ramukan iska na akwati ba a rufe su duka. In an rufe, gilashin gaba zai yi gumi, fumfuna ta kama shimfiɗa, iska ta ruɓe. Ana iya rage rabinsu a lokacin sanyi, ba fiye ba. Batun garwashi kuwa ko kusa: gidajen nan tagoginsu a like suke, hayaƙin gawayi da ba a gani ba a jin warinsa zai kashe mutanen gidan kafin a zo kan maciji.

Ana ɗaura allon ne a ƙarshe guda na rufin, ya rufe kamar kashi ɗaya cikin uku, ba a tsakiya ba, domin in yana tsakiya babu gefen sanyi ke nan. A kifar da akwatin ko a ɗaura kafin a haɗa shi, ya fi sauƙi. A auna tsawon kusoshi masu zare, kada su huda rufin su fito sama. Wayar a fitar da ita ta ƙaramin rami a baya, a toshe abin da ya rage, don mesa na bin duk inda kanta ya shiga. Reshe ko ɗan dakalin da take hawa a bar tazarar aƙalla santimita 20 tsakaninsu da allon.

Ba a taɓa jona allon kai tsaye da soket. Sai ta tamostat, na'urar da ke rage wuta ko ƙara ta bisa abin da bakin awonta ya ji. Mai kashewa da kunnawa kawai tana sa zafi ya riƙa hawa da sauka, kuma a ɗaki mai sanyi saukar tana da zurfi. Mai rage ƙarfin wuta a hankali ita ce ta dace da allo. Inda aka sa bakin awon shi ne ke gyara aikin ko ya ɓata shi. In aka manna shi a jikin allon, tamostat za ta yanke wuta tun ƙasa bai ji komai ba. In aka kai shi gefen sanyi, za ta yi ta tura wuta har gefen ɗumi ya wuce 38. In aka yar da shi a kan shimfiɗa, mesa za ta kwanta a kai ko ta ja shi cikin kwanon ruwa, na'urar ta ɗauka sanyi ake yi ta buɗe wuta gaba ɗaya. Wurinsa jikin bango ne a ƙarƙashin allon, daidai tsayin saman maɓoyar gefen ɗumi, wato ɗan kogon da mesa ke shiga ta ɓuya, a kama shi da maƙalin waya mai kusa. Kada a sa salatif a cikin akwati ko kaɗan. Ɗumi na sakin sa, ya manne a jikin maciji ya ɗaye fata.

Lambar da ke fuskar tamostat ba ita ce gaskiyar akwati ba. A sa ma'auni biyu masu nuna zafi da laima, ɗaya kowane gefe a kusa da ƙasa, a kuma sami bindigar awon zafi irin wadda aka riƙa ɗora mana a goshi lokacin korona, amma ta masu aikin hannu, don auna saman maɓoya da cikinta. Tafin hannu ba ma'auni ba ne. Abin da hannunka ya ji da ɗan ɗumi ya riga ya wuce abin da mesa ke so. A bar komai yana aiki kwana uku zuwa bakwai akwati ba kowa, ana gyara saitin digiri ɗaya ɗaya, ana jira awa biyu kafin a sake taɓawa. Tamostat in ta lalace wani lokaci a buɗe take makalewa, shi ya sa masu hankali ke sa ta biyu mai arha a gabanta, a saita ta a 35, ta yanke wuta in ta farko ta gaza.

Ga masu karɓar kaya daga 'yan uwa a Amurka ko Kanada: wutar can bolt 120 ce, ta Ingila 230 kamar ta gida, har filogin mai ƙafa uku iri ɗaya ne da namu. Allon Amurka in aka jona shi a nan zai ja kusan ninki huɗu na ƙarfinsa, mai wat 80 ya koma kusan 290, ya ƙone.

Kuɗin wuta bai kai yadda ake tsoro ba. Wat 80 ko da bai huta ba yunit 1.92 ne a kwana, wajen yunit 58 a wata, kuma da tamostat da lulluɓi ba ya kaiwa nan. Hita mai wat 1500 da za a kunna don ɗumama ɗakin gaba ɗaya tana cin yunit 12 a awa takwas.

Sai laima, wadda ta fi zafi wahalar riƙewa. Iskar sanyi da aka ɗumama bushewa take, shi ya sa leɓe ke tsagewa a ɗakunan nan kamar ana tsakiyar Janairu a Kwangila. A akwati alamar ita ce saɓa ta fito guntu guntu, ta makale a ido da ƙarshen wutsiya. Fesa ruwa ba ya magani, awa guda ya bushe. A zuba shimfiɗar ɓawon kwakwa mai zurfin santimita 8 zuwa 10, a riƙa tsiyaya ruwa a kusurwoyi, ƙasan ya jiƙe saman ya zauna a bushe. In saman ya yi caɓa, fatar ciki ce ke ruɓewa. Tunda allon ba ya haske, a ƙara fitilar LED mai agogo, awa 12 a kunne 12 a kashe, don hasken taga a Disamba bai isa ya nuna wa dabba dare da rana ba.

Mesar da sanyi ya kama takan daina ci, ko ta ci ɓeran ta amayo shi bayan kwana biyu ko uku, saboda ba zafin da zai narkar da shi, sai ya ruɓe a ciki. In haka ta faru a gyara zafin, a bar ta mako biyu ba abinci. Ƙin ci kaɗai a lokacin sanyi ba abin tayar da hankali ba ne, wannan jinsi ya saba da yin watanni a haka muddin ba ta ramewa. Amma in ana jin shaƙar numfashi, ko kumfa da majina a baki, ko tana ɗaga kai baki a buɗe, ciwon huhu ne, sai likitan dabbobi, kuma ba kowanne ke duba macizai ba, a nemi lambar mai dubawa tun kafin a buƙace shi.

Ɗauke wuta ba kasafai ake yi ba a nan, amma guguwar sanyi na kawo shi, kuma tukunyar gas ma da lantarki take tashi, don haka gida da akwati tare suke hucewa. A ajiye akwatin farin soso mai murfi da 'yan ramuka, da ƙyallen matashin kai, da gorar roba ta ruwan zafi. A sa mesar a ƙyallen a ɗaure baki, a naɗe gorar da tawul a ajiye ta gefe ba tare da ta taɓa jikinta ba, a sa ma'auni a ciki, a riƙa sauya ruwan in ya sauka ƙasa da 24. Kada a ba ta abinci sai wuta ta dawo akwati ya kwana biyu a daidai.