Gwajin da za a saya da filin Tawa

Asabar, Bukoki, Yamai.

Ban ko tashi daga kan tabarmar sallar asuba ba wayar Yaya ta shigo daga Tawa. Yaya ba ta kiran sassafe sai da magana. Muka gaisa sama-sama, ta ce: "Mutumen nan ya sake kira jiya da dare. Ya ce in ba a kai kuɗɗin ba kahin ƙarshen wata, wani yaro za su ɗauka. Ni dai na yi magana da mai son sayen hilin." Filin da take nufi shi kaɗai marigayi mijinta ya bar mata a bayan gari. Na ce ta yi wa Allah ta dakata har in kira ta da dare.

Duk maganar a kan Auta ce, ɗanta da ke zaune wurina yana karatu a lise. Shekararsa 17, baya na hagu yake bugawa a wata ƙaramar makarantar bal, kuma ba don ni ne kawunsa ba, yaron yana da ƙafa. Wani mutum ya gan shi a gasar unguwanni lokacin hutu, ya bi ta bayan kowa ya samo lambar uwar. Wai akwai ƙungiya a Turkiyya da ke neman irinsa, za a kai shi gwaji, miliyan biyu na sefa kawai za a biya: biza, tikitin jirgi, masauki, da wani abu da ya kira "na hanya".

Da hantsi na hau kabu-kabu na bi Auta filin atisaye. Hazo ya fara sauka, ƙura tana tashi duk inda bal ta faɗi. Ragar ba raga, bututun ƙarfe ne guda uku aka haɗa da walda. Kocinsu dattijo ne da ya taɓa bugawa a zamaninsa, usur ɗinsa rataye da igiyar takalmi, buhun piya wata ajiye a inuwar dogon yaro. Na lura da takalmin Auta na hagu, wanda baduku ya ɗinke bakinsa da farin zare, ɗinkin ya fara saki, yatsa na neman leƙowa. Da wannan takalmin ya aika bal daga gefe ta sauka daidai kan ɗan gaba.

Da suka sha ruwa na ja kocin gefe na ba shi labari. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce: "Mushe, nawa ya ce?" Na faɗa. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ce dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai cika 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai da wasu dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura can don wani aiki da ba na bal ba. Gwaji kuma ƙungiyar da ke son ganin yaro ita ke aiko da takardar gayyata, ba a sayen sa da kuɗi. Dillalin 'yan wasa ma tun 2023 sai ya ci jarrabawar FIFA ya samu lasisi, kuma ba ya tunkarar ƙaramin yaro sai da izinin waliyyinsa a rubuce. "Ni da nake raino," in ji shi, "in aka sayar da yaro ta hanya, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa waɗanda suka koyar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Ka ga ko don cikina ba zan ƙi ya tafi ba. Amma ba ta wannan ƙofar ba."

Sai ya ce yaran nan duk Mbappe suke gani a tele, shi kuwa Adebayor yake ba su misali. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai yinin yau, don na bi tafiyar Victorien Adebayor tun yana yaro a AS Douanes.

A nan Yamai aka haife shi a 1996. Sunansa bai fita waje sosai ba sai da ya je Gana, ƙungiyar Inter Allies, wadda ko a can ba ta cikin manya. A kakar 2019/2020 ya ci ƙwallo 12 kafin korona ta tsayar da gasar, gidajen rediyon Akara da Kumasi suna ta kiran sunan ɗan Nijar. A 2020 ya tafi HB Køge ta Danmak, rukuni na biyu, muka ce shi ke nan an shiga Turai. Zaman bai yi tsawo ba. Aka ga shi ya koma Gana wurin Legon Cities, aka ga shi a ENPPI ta Masar, daga nan sai ga shi gida da rigar USGN ta jandarmomi. Na tuna yadda aka yi ta yi masa dariya a fada, wai Turai ta tofar da shi. To a wannan dawowar ce USGN ta shiga rukunin kofin Confederation na CAF, hukumar bal ta Afirka, a kakar 2021/2022, tare da Simba ta Tanzaniya da ASEC ta Abijan da RS Berkane ta Maroko. USGN ba ta wuce rukuni ba, amma Adebayor ya fi kowa cin ƙwallo a gasar baki ɗaya, guda 6. Berkane da ta ɗauki kofin a shekarar, ita ce ta zo ta ɗauke shi. Bayan nan ma an ba da shi aro ga AmaZulu ta Afirka ta Kudu.

Wanda ya karanta jerin nan zai ce yawo ya yi yawa, kuma ba zan musa ba. Da ya samu wuri guda ya zauna shekara huɗu ko biyar, ina ganin da ya fi haka nisa. Amma duk tashin da ya yi, ƙwallayen da ya zuba a raga ne suka sa aka neme shi. Ga kuma Mena, ƙungiyar bal ta ƙasarmu Nijar, inda bai taɓa sanyi ba, ko ƙungiya ta yi daɗi ko ba ta yi ba, har ya wuce Moussa Maazou a yawan ƙwallayen da aka ci wa ƙasa. Mu da muka ga 7 da 2 da aka yi wa Jibuti a Nuwamban 2021 mun san abin da ƙafarsa ta hagu ke iyawa.

Bayan azahar na je ganin mutumen. Shi ya zaɓi wurin, wani gidan abinci mai sanyi a Filato. Farar shadda, turare tun daga ƙofa, waya biyu a kan tebur. Kafin in zauna ya fara nuna mini hotuna: ga shi a filin jirgi da wasu samari masu jakunkuna, ga shi a bakin wani filin wasa da ciyawa kore shar. Sai ya fito da takardar gayyatar. Tambarin ƙungiya a sama, rubutun da Faransanci, adireshin aika saƙo na Gmail, wurin sunan ɗan wasa kuma ɗigo-ɗigo ne, ba a cike ba. Na ce ƙungiyar Turkiyya da Faransanci take wasiƙa? Ya ce don mu fahimta ne aka fassara. Na tambayi lambar lasisinsa, ya ce abokin aikinsa na Istambul ke riƙe da shi. Na ce yaron fa 17 gare shi. Ya matso ya rage murya: "Alhaji, wannan ba matsala ba ce, akwai mai gyara mana takarda, a ƙara masa shekara guda." Ni da ko Agadas ban wuce ba na zama Alhaji. Abin ya ba ni dariya ta wani gefen, don rage shekaru muka saba ji a harkar bal, shi ya sa tun 2009 FIFA ke sa a duba wuyan hannun yara da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17. Yau ga mai ƙarawa.

Na ce ya ba ni sunan wani yaro ɗaya da ya kai, wanda ke bugawa yanzu, in kira iyayensa. Ya ce sirrin aiki ne. Wayarsa ta yi ƙara, ko kuma ya ce ta yi, ya tashi. Ni na biya kuɗin lemon.

Da magariba na biya fada. Shayin farko na kan wuta aka ɓarke da musun da ba ya ƙarewa, Maazou ko Adebayor. Dattijon cikinmu, tela ne, ba ya yarda a haɗa su. Ya ce Maazou daga ASFAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, shekara guda CSKA ta Mosko ta saye shi da miliyoyin Yuro, ya sa rigar Monako, ya sa ta Bordo. Kuma wa ya ci Masar a filin Seyni Kountché a Oktoban 2010, lokacin suna riƙe da kofin Afirka sau uku a jere? Daga nan sai labarin da kowa ya haddace: 2011, 'yan Afirka ta Kudu suna rawa a fili sun zaci su suka wuce, ashe lissafi Mena ya ba, koci Harouna Doula ya kai mu kofin Afirka na 2012, muka sake zuwa a 2013. Na ce duk gaskiya ne, amma Maazou ma ai bayan Mosko yawon ya yi, Tunisiya, Fotugal, Sin, Danmak. Tela ya ce yawon mai kuɗi daban.

Wani saurayi da ke raba kofuna ya ce mu tsofaffi mun tsaya a jiya, ga Rahim Alhassane can a Real Oviedo. Nan na ba shi gaskiya. Yaron haihuwar 2002 ne, baya na hagu kamar Auta, daga ƙananan rukunan Sifen ya taso, ya bi ta Recreativo de Huelva, Oviedo ta ɗauke shi a 2024, a Yunin 2025 suka hau La Liga bayan shekara 24 rabon su da ita. Ɗan Mena ya shiga gasar da Real Madrid da Barcelona ke ciki. Matakala ɗaya-ɗaya ya taka, kuma ana kiransa gida yana zuwa.

Gida dai a baki, don Mena ta daɗe tana karɓar baƙi a ƙasashen mutane saboda CAF ba ta amince da filinmu ba. A Maris na 2025 wasanmu "na gida" da Maroko a Ujda aka buga shi, cikin Maroko, muka fara ci ta ƙafar Youssouf Oumarou, suka rama suka ƙara a ƙarshen lokaci. Duk da haka yaran koci Badou Zaki suka ƙare na biyu a rukunin neman zuwa kofin duniya na 2026, kuma kafin nan sun je har Akara sun ci Gana 2 da 1 a Nuwamban 2024. Abin da ke damuna shi ne tsarar Auta a waya suke kallon Mena, kamar yadda suke kallon Liverpool. Yaron da bai ga na gaba da shi suna cika fili a garinsu ba, duk wanda ya nuna masa hoton ciyawa zai bi shi.

Na dawo gida na tarar da Auta a tsakar gida yana wanke safa, ya riga ya ji komai daga koci. Bai ɗago ba ya ce: "Kawu, wasu haka suka tafi kuma suka dace." Na ce akwai su, amma waɗanda suka maƙale a Istambul da Tunis ba biza ba kuɗin dawowa ba sa sa hoto a Facebook. Na tuna masa 'yan ƙasa da 17 da suka je kofin duniya a Indiya a 2017, suka ci Koriya ta Arewa, suka fita rukuni, da 'yan wasan gida da suka kai kusa da ƙarshe a CHAN, gasar Afirka ta masu bugawa a gida, da aka yi a Aljeriya a farkon 2023. Daga ƙungiyoyin nan namu aka zaɓo su. Koci ya yi alkawarin kai shi gwaji wurin matasan wata ƙungiyar Super Ligue, babbar gasar ƙasarmu, bayan jarrabawar zango. Ya ce "to" irin wadda ba ta kai zuci ba, ya ci gaba da matse safarsa. Na ce gobe mu je Katako a duba takalmi. Nan ne kawai ya dube ni.

Sai bayan isha'i na kira Yaya. Na zayyana mata komai, takardar da ba suna, lasisin da ke Istambul, shekarar da za a ƙara. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ta ce: "To mi za a yi da kahin alƙalamin?" Ashe mai sayen filin ya riga ya ba ta jika ɗari tun ranar Laraba, ita kuma ta aika wa mutumen a ranar, wai na buɗe dosiye.

Na kira lambarsa, a kashe. Litinin zan je ofishin FENIFOOT, hukumar bal ta ƙasa, in tambaya ko sun san sunansa, in nuna musu hoton takardar da na ɗauka. Kafin nan sai na nemi jika ɗari a mayar wa mai sayen fili, ga kuma takalmin da na riga na yi alkawari, albashi kuwa sai ƙarshen wata.