Lita 28 ko lita 48

Asabar, Yamai.

Ruwan da aka kwana ana tafkawa bai ɗauke ba sai wajen asuba, kuran kuma ya tafi tun tsakar dare, saboda haka salulata a mace ta kwana. Sai da na kai ta shagon maƙwabcinmu mai farantin hasken rana ta ɗan sha caji, sannan saƙonni suka fara shigowa rututu. Abokina ne na Dakar, ɗan ƙabilar Lebu masunta daga unguwar Yof ta bakin teku, wanda ya fara ingiza ni cikin teku bara. Hoto biyu ya turo ta WhatsApp. Wani Bature zai bar ƙasar, yana sayar da allunansa na hawan igiyar ruwa, kuma in ina so in zaɓi ɗaya kafin Litinin, don akwai masu jira.

Na farkon siriri ne, fari tas, bakinsa da tsini kamar kan mashi. A cikinsa, wajen wutsiya, gefen siririn katakon nan da ya ratsa tsakiyar allon, an rubuta da fensir: 5'10 x 19 1/4 x 2 3/8, sannan 28 L. Na biyun ya ɗan yi rawaya don shan rana, baki zagaye kamar ludayi, ga tabon faci a gefe: 7'2 x 21 1/2 x 2 3/4, 48 L. Jika 120 ƙaramin, babban jika 140.

Ko a Dakar da ake auna komai da mita, allo dai da ƙafa da inci ake auna shi: tsawo, faɗi, kauri. Ƙafa ɗaya santimita 30 ce da ɗan ɗoriya, ke nan ƙaramin mita 1.78, kusan tsayina, babban kuwa mita 2.18. Lambar ƙarshe ita ce girman jikin allon, wato yawan ruwan da zai ture in aka danna shi ya nutse gaba ɗaya. Ita ce na daɗe ina kau da kai daga gare ta.

Gaskiya tun kafin in gama duba hotunan zuciyata ta tafi ga ƙaramin. Irinsa ne ke ƙarƙashin hammatar yaran unguwannin Ngor da Wakam na Dakar, irinsa gwanayen Senegal su Cherif Fall ke hawa. Yana shiga taksi ba sai an ɗaure shi a sama direba yana ta mita ba. Har na rubuta "ƙaramin", ban kai ga turawa ba sai ga muryar abokin nawa: "Kafin ka ce komai, je ka hau sikeli. Na san girkin iyaye mata." Ya san hali.

Akwai wani yaro da ke zama da sikelinsa bakin titi kusa da tasha, dala biyar hawa ɗaya. Na cire takalma, na fidda salula da makulli daga aljihu na ba shi ya riƙe, kamar su ne za su cuce ni. Allurar ta yi rawa, ta tsaya kan 78. Na sauka na sake hawa. Yaron ya ce, "Yaya, ko sau goma ka hau, dala biyar biyar ne, kuma ba ta canzawa." Ranar da na sauka daga Dakar a watan Yuli kilo 72 nake. Kilo shida cikin wata biyu, duk aikin Inna ne: dambu da zogale da rana, tuwo da dare, fura a tsakani, ga kilishin da ban iya wucewa.

Na dawo gida na ari littafin lissafin autarmu na yi ƴan rabe-rabe a bangon baya. Ƙa'idar da masu wasan ke bi ba aya ba ce, ƙiyasi ne kawai, amma tana da amfani: a raba litar allo da kilon mai hawa. Sabon shiga ana so litarsa ta yi kusa da kilonsa, shi ya sa ake fara koya wa mutum a kan allon soso mai ƙafa 8, mai lita 80 ko fiye, wanda ko saniya aka ɗora masa sai ya ɗauka. Wanda hannunsa ya fara faɗawa yana saukowa wajen rabin nauyinsa. Gwanaye su ne ke wasa tsakanin kashi 35 da 40 cikin ɗari. Na raba 28 da 78, ya ba ni 0.36. Lissafin gwani ke nan, ni kuwa da wata bakwai kacal a ruwa, su ma Asabar da Lahadi. Na raba 48 da 78, ya ba ni 0.62. Autar tamu ta leƙo ta ce in na gama ɓata mata littafi in biya.

Baba yana kan tabarmarsa a zaure yana jin duk abin da ake ciki. Tun ranar da ya ji ana kiran abin allo yake tsokanata, wai allon da ya saya mini ina yaro ban kai ko izu goma a kansa ba, ga shi zan zuba jika ɗari da wani abu a wanda ba a rubutu a kai. Yau sabuwa ya ɓullo da ita. Ya ce, "Mi kuke ce ma ruwan da ke tasowa? Taguwa ko? To mu a Tawa taguwa muka sani mai ƙafa huɗu, kuma ba a ba yaro wadda ba ta horu ba." Na nuna masa hotunan. Ya daɗe yana kallo, yana ja da yatsa, sannan ya tambaye ni ko na taɓa lura da masuntan da ke kwanciya kan gora su bi ruwa, irin na Argungu. Ya ce ƙato ba ya ɗaukar gorar yaro, kowa da gorar da ta yi daidai da cikinsa. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba, cikin minti biyu ya faɗi abin da na yi wata bakwai ina gardama a kai.

Bayan la'asar na hau kabu-kabu na sauka bakin kogi, ƙasa da gadar Kennedy. Ruwan ya cika ya yi ja wur, irin cikar damina, yana tafe da ciyayi da robobi. Wani jirgi ya taso daga Harobanda, tsallaken kogin, maƙare da buhuna da mutane da babur guda, tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba. Matuƙin yana ta zuba ƙarfi amma jirgin kamar ana riƙe shi ta baya. Can gefe wani fanko ya wuce shi, yaro ɗaya a ciki, bugu biyu uku ya yi nisa. Na tsaya ina kallonsu, sai kafaɗuna suka tuna mini da watan Afrilu.

Ranar nan a Yof na ari ƙaramin allon wani, mai lita 30 ko ƙasa da haka, don na gaji da a gan ni da na soso. Da na zauna a kai ruwa ya kawo mini har ƙirji. Ba abin mamaki ba ne: lita ɗaya kilo ɗaya take ɗagawa, a ruwan gishiri da ɗan ƙari kaɗan, sauran nauyin kuwa jikinka ne ke nutsewa ya ɗauki kansa. To duk abin da ya nutse sai ka ja shi cikin ruwa da hannunka. Abin da mai kallo daga tudu bai sani ba shi ne, tsayuwa kan allo ƴan daƙiƙoƙi ne, sauran lokacin duk kana rub da ciki kana tuƙi da hannu ko kana jira. Kuma igiya ba ta ɗaukar wanda bai yi gudu ba. In ta taso bayanka dole ka riga ka fara tafiya, in ba haka ba ta ɗaga ka ta wuce ta ƙarƙashinka ta bar ka nan. Awa biyu na yi, ko ɗaya ban kama ba. Sau ɗaya da na yi saurin matsawa gaba don in taimaki kaina, bakin allon ya caki ruwa, na wuntsila, na sha gishiri har ta hanci. Wasu ƴan yara da ba su fi shekara goma ba suna ta wuce ni a kan ɓallin tsohon allo, suna gaishe ni da Wolof cikin ladabi, wanda ya fi dariya ciwo.

A bakin kogin akwai yara masu wanka da jarkokin nan rawaya masu lita 25, an toshe bakinsu. Na naɗe wando na shiga iya gwiwa, na karɓi ɗaya na danna ta da hannu biyu. Tana turjewa, tana zillewa gefe, amma da na ɗora mata ƙirji sai ta yi ƙasa. Ƙaramin allon nan lita uku kawai ya fi ta. Na haɗa biyu na danna, suka ƙi. Lita 50 ke nan, kusan babban allon. Yaran suna ta kallon ƙaton banza yana kokawa da jarka, wani dattijo mai gyaran taru ya ce, "Samari, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau Baba, awo nake.

Ba wai babban ba shi da aibu ba. In igiya ta fashe gabanka, masu ƙananan alluna danna baki suke su nutse ta ƙarƙashinta kamar agwagwa su ɓullo ta baya. Da lita 48 wannan sai a hankali. Sai dai ka kifa, ka rungume allon ta ƙasa, kumfar ta bi ta kanku. Wajen juyawa ma nauyin jiki gare shi, gefensa mai kauri ba ya saurin shiga ruwa. Kuma lita ba ita ce komai ba: alluna biyu na iya zama lita ɗaya amma hali daban, ya danganta da inda aka tara kaurin da yadda cikin ya lanƙwasa. Mai kauri ƙarƙashin ƙirji da shimfiɗaɗɗen ciki ya fi saurin tuƙi, mai lanƙwasa sosai ya fi son igiya mai tsayi da ƙarfi. Amma ni ina zan je da shi? Yof, inda ƙasan yashi ne kuma igiyar sau da yawa ba ta da wani ƙarfi, irin wadda ke son allo mai jiki. Ngor da duwatsunta da bushiyar tekun nan mai ƙaya, wadda na taɓa kwana uku ana cire mini da allura a tafin ƙafa, ba bana ba. Ga shi daga Disamba ruwan Dakar sanyi yake yi, sai an sa rigar roba, ita ma in ta jiƙe wani nauyin ne.

Da magariba na kira abokin nawa. Na ce ya je ya ga babban da idonsa: ya ɗaga shi ya ji ko ya yi nauyin da ya wuce kima, don allon da ya sha ruwa ta wani tsagu ba ya komawa daidai, ya latsa wajen facin da babban yatsa, ya duba akwatunan da ake soke fiffiken ƙasa ko sun girgiɗe. In lafiya, ya taya jika 120. Ya yi dariya ya ce ashe sikelin Yamai na faɗin gaskiya. Ya ce in na kama igiya ɗari a kansa, na iya bin gefenta hagu da dama ba miƙewa tudu kawai ba, sai mu yi maganar mai lita 38.

Baba ya ji ina cewa jika 120, ya ɗaga murya daga zaure wai in tabbata dai an haɗa mini da tawada. Inna ta ajiye tuwo da miyar kuka, malmala uku. Na ce biyu sun isa. Ta ce ba ta ji ba, ta bar kwanon ta tafi.