Manoma da wake, kuka da kuka

Yau a wurin cin abincin rana na tsinci kaina tsakanin abokan karatu biyu, 'yar Norwe da wani Bazulu daga Durban. Ana ci ana hira sai ta ce a harshensu "bønder" manoma ne, "bønner" kuwa wake, kuma a bakin mutanen Oslo ba abin da ya raba su sai hawa da saukar murya. Ta faɗi duka biyun tana jiran mu rikice. Ni da Bazulun muka kalli juna muka fashe da dariya, don tun faɗar farko kunnenmu ya kama. Na ce mata ai mu ma haka muke raba kukan yaro da kukar miya. Shi kuma ya ce ta faɗi "iqanda", wato ƙwai. Baiwar Allah nan ta manna harshe a ganda ta ƙyasta har sau biyar, abin ya ƙi fita. Ni ma dai ban tsira ba, na sha dariya.

Amma da ya ce "ubaba", mahaifina, sai na ji ɓ ɗinmu sak, irin ta ɓera da ɓawo, har tsigar jikina ta tashi. Ita kuma ta tuna mana cewa wani ɗan mishan daga ƙasarsu, Hans Schreuder, ya buga nahawun Zulu tun 1850. Har na dawo ɗaki ina mamakin yadda ya yi da wannan q ɗin da ta gagari jikarsa yau.