Rabin eriya jikin mota ne

A-kori-kura gare ni, ina jigilar albasa da hatsi a hanyar Illela. Eriyar da ta zo da motar ta daɗe da karyewa, shi ya sa da na wuce Kware sai tashar Rima FM ta Sakkwato ta fara shashshaka, kafin Gwadabawa babu abin da ya rage sai ƙara. Na yanke shawarar haɗa tawa.

Tsawon sanda ba da ka ake yanka shi ba, lissafi ne. Ka raba 300 da lambar da ake kama tashar a kanta, abin da ya fito shi ne tsawon zangon igiyar rediyon a ma'aunin mita, eriyar mota kuma rubu'insa take so. Rima tana kan 97.1, zangonta ya ɗan haura mita 3, rubu'insa santimita 77. Ana rage kamar kashi 5 cikin ɗari, sai na tsaya a 73. Tashoshin FM duka suna tsakanin 87.5 da 108, don haka wannan tsawon ya ishe su.

Na samo siririyar sandar ƙarfe mai dawowa in an lanƙwasa ta, na kai wa wani dattijo mai walda. Ya juya ta ya ce, "Malam, mi za ka yi da wagga sanda?" Da na yi masa bayani sai ya haɗa mini gindi da sifirin, saboda rassan darbejiya da ke dukan duk abin da ya ɗara rufin mota.

Wurin ɗaurawa shi ne ya fi ɗaukar hankalina, kuma nan ne nake ganin mutane suna asarar wahalarsu. Sandar rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin ƙarfen motar ne. Kebul ɗin yana da waya a tsakiya da raga a kewaye. Ta tsakiyar ita ke zuwa sanda, kuma dole a sa roba ta raba sandar da bodi. Ragar kuwa sai ta kama ƙarfen motar tsirara. Na sa samfefa na kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, na ɗaure noti tam, na shafa giris a kai don tsatsa. Na gwada a gefen bonet, na gwada a tsakiyar rufi. Bambancin ba ƙarami ba ne: a rufi ƙarfe ya kewaye sandar ta ko'ina, ƙarar fulogi kuma ta yi nisa da ita.

Kebul ɗin talabijin na yi amfani da shi, tunda saurare kawai nake yi. Mai rediyon aika magana sai ya nemi kebul mai ohm 50 (ohm ma'aunin turjiyar lantarki ne), ya auna eriyar da na'ura kafin ya danna maɓallin magana, in ba haka ba zai iya ƙona rediyon, ga kuma batun lasisi daga hukuma.

Sai yanayinmu. Ranar watan Afrilu tana narkar da gam ɗin salatif, ƙurar hunturu kuma tana shiga kowace kafa. Na daina yarda da murɗa waya da hannu, duk mahaɗa da dalma nake like ta, kebul ɗin kuma ta ƙarƙashin robar ƙofa na bi da shi.

Yanzu har na wuce Gwadabawa ina jin labaran yamma tas. In na gangara kwari takan ɗan raunana, domin FM ba ta ratsa tudu, wannan kuwa babu tsawon sandar da zai gyara shi.