Wannan "he" da ke cinye makin yaranmu

Duk malamin Ingilishi a Damagaram ya san jumla sassauƙa: ganga ɗaya, wato aikau (mai yin aikin) da aikatau (kalmar aikin), ma'ana ta cika, kamar "Birds fly." Da na koyar da ita ga ajin ƙarshe na kwaleji, masu shirin BEPC, jarrabawar kammala kwalejin, ƙa'idar ta shiga nan da nan. Da na karɓi takardu ne raina ya ɓaci.

"Musa he went to Dolé market." "Aisha she sells millet." Takarda bayan takarda haka. Yaro ya san "went", har "s" ɗin mutum na uku bai manta ba, amma ya cusa "he" bayan suna, maki ya tafi a banza.

Laifin ba na lalaci ba ne. Bahaushe ba ya cewa "Musa tafi kasuwa", sai "Musa ya tafi", domin "ya" ce ke ɗauke da lokaci. Yaro ya ga "ya", sai ya nemo mata "he". Faransancin baka ma yana ɗaure wa kuskuren gindi, kullum suna jin "Moussa, il est parti", inda "il" ke matsayin "he". A Ingilishi kuwa lokaci yana cikin aikatau, "went" ta wadatar. Ko suna ko wakilin suna, ɗaya ke zama a kujerar aikau.

Abin da ya yi mini aiki shi ne allo. Rubuta jumlar Hausa a sama, ka zagaye "ya tafi" da alli a da'ira ɗaya, ka ja kibiya zuwa "went". Yi haka da jumla goma, su faɗa da baki kafin su rubuta. Jan layi da jan biro kaɗai ba ya magani, mako mai zuwa "he" za ta dawo.

Ka lura da kishiyarsa kuma. "Ana ruwa" kan koma "Is raining", alhali sai an sa "It". "Musa malami ne" kan koma "Musa teacher", babu "is", babu "a". Waɗannan da an nuna sau biyu sun gyaru.

Tsawo kuma ba ya hana jumla zama sassauƙa: "Musa and Aisha bought millet at Dolé market on Thursday" ganga ɗaya ce. Amma a irin wannan doguwar jumlar ne "they" ke laɓaɓowa bayan sunaye biyu, don haka nan zan fara dubawa idan ina gyaran takarda.