Alhamis, 19 ga Janairu, 2012: Kowa Ma, Ban Da Romney

Yau siyasar 'yan Republican ta yi juyin waina a nan jihar South Carolina ta Amurka, tun safe har dare ba ta zauna wuri ɗaya ba. Jibi Asabar ne zaɓen fid da gwani na takarar shugaban ƙasa, kuma tun 1980 duk wanda ya ci jihar nan shi jam'iyya ke tsayarwa, shi ya sa talla ta hana mu sakat a talabijin.

Ina haɗa shayi aka ce ashe ba Mitt Romney, tsohon gwamnan Massachusetts, ne ya ci zaɓen fid da gwani na jihar Iowa ba. Ran 3 ga wata an ce ya tsira da ƙuri'a 8, yau da aka tantance sai ga Rick Santorum a gaba da 34, sakamakon mazaɓu 8 kuma ya yi ɓatan dabo. Kafin in isa wurin aiki Rick Perry, gwamnan Texas, ya janye, ya ce mutanensa su bi Newt Gingrich, tsohon kakakin majalisar wakilai.

Wani dattijo da muke aiki tare, cikakken ɗan coci, ya ba ni dariya. A bayan motarsa akwai sitika uku, an manna wata kan wata, gefen ta Perry na leƙowa ƙarƙashin ta Herman Cain, ta Gingrich a sama ɗanya shar. Tarihin 'yan ra'ayin riƙau na watannin nan ke nan a jikin ƙarfe. A watan Agusta Michele Bachmann ce tauraruwa. Perry ya shigo ya ture ta, shi ma ya yi ta tuntuɓe, har wata rana ya tsaya a muhawara ya kasa tuna ma'aikata ta uku cikin waɗanda ya ce zai rushe. Tun kafin ranar ma an koma kan Cain da tsarin harajinsa na 9-9-9 (haraji iri uku, kowanne kashi 9 cikin ɗari), zarge-zargen mata suka kwantar da shi a farkon Disamba. Gingrich ya ɗaga, magoya bayan Romney suka yi masa ruwan talla a Iowa, ya ƙare na huɗu. Yanzu ga shi ya sake tasowa.

Na tambayi dattijon me Romney ya yi musu. Ya ce mutumin da ya kawo dokar inshorar lafiya a Massachusetts ba shi da bakin zagin ta Obama. Bai ambaci cewa Romney ɗan ɗarikar Mormon ba ne, amma ni dai na ji kamar maganar na nan ƙarƙashin harshensa.

Da rana Yaya ya kira daga Zariya. Da na ba shi labarin yadda shugabannin coci suka taru a Texas ranar Asabar da ta wuce suka tsayar da Santorum don kada ƙuri'a ta rarrabu, sai ya ce, "Ƙanena, ai kwamitin Adamu Ciroma ke nan. Sun haɗa kai sun fitar da Atiku, Jonathan ya kwashe daliget." Na ce Yaya, bambancin kawai nan ba daliget ake lallashi a otal ba, jama'a ne ke fitowa, kuma ba su faye jin maganar manya ba.

Da dare aka yi muhawarar CNN a North Charleston, saura mutum huɗu: Romney, Gingrich, Santorum da Ron Paul. Ɗan jaridar da ke jagorantar muhawarar, John King, ya buɗe da hirar da tsohuwar matar Gingrich ta biyu ta yi da ABC, inda ta ce ya nemi ta yarda ya ci gaba da mu'amala da wata mace alhali suna da aure. Na ce yau kashinsa ya bushe. Ina! Gingrich ya ƙaryata, ya juya ya wanke ɗan jaridar tas, zauren ya miƙe tsaye ana tafi. Mutanen da kullum zancensu tsarkin aure ne fa.

A nan na tabbatar ba mai tarbiyya suke nema ba, da Santorum ya ishe su. Mai faɗa suke so, wanda zai tsaya gaban Obama da 'yan jarida ya zazzaga musu. Romney kuwa da aka tambaye shi yaushe zai fitar da takardun harajinsa sai ya shiga kame-kame, har wasu suka yi masa ihu. Idan ba wani abu ya sake ɓullowa gobe ba, Gingrich nake ba jihar nan.